Hoto biyu sun haɗu amma hoton bai fito tas ba: yadda ake duba saitin ma'aunin nisa

Sabon Hannu: Salamu alaikum. Kyamarata Leica M6 ce, mai fim, da lensi mai milimita 50 a f/1.4, wato ƙofar hasken lensin a buɗe sosai. Ma'aunin nisanta na nuna hoto biyu a tagar leƙe, in sun haɗu an yi saiti ke nan. Ana haɗa hoto biyun a kan idon wanda ake ɗauka, amma kunne ne ke fitowa tas. Daga ina ake fara bincike?

Mai Gyara: Wa alaikumus salam. Kada ka taɓa sukuru ko ɗaya tukuna. Fara da nesa: juya lensi har ya tsaya a alamar ∞ (nisa mara iyaka), ka duba wata da dare ko eriya mai nisan kilomita ɗaya ko fiye. Dole hoto biyun su hau kan juna. Sai ka canza lensi ka sake. In lensi biyu ko uku sun kauce iri ɗaya, matsalar a jikin kyamara take. In ɗaya ne kawai, shi za a gyara.

Mai Baƙi-da-Fari: Ƙari a kan bayanin Malam, gwajin kusa ya fi tona asiri. Kafa kyamara a kan ƙafa uku, auna mita 1 daga inda fim ke kwanciya, ba daga bakin lensi ba. Jingina rula a karkace, digiri 45, ka yi saiti a kan layi guda. Buɗe murfin baya, sa shata a B, saitin da ke riƙe ta a buɗe, ka kulle ta, shimfiɗa gilashi mai dishi-dishi a kan layukan da fim ke bi, gefen dishin yana fuskantar lensi, ka duba da madubin ƙara girma. A f/1.4 da mita 1, abin da ke fitowa tas bai wuce kamar santimita 3 ba, shi ya sa ɗan kuskure ke kai ka kunne.

Mai Gyara: Haka ne. In nesan ne ya kauce, cire lensi, za ka ga ƙaramar taya a saman bakin kyamara daga ciki. Alanki mai milimita 2 ke juya ta a M6. Ɗan motsi kaɗan, kamar kaurin gashi, ka mayar da lensi ka duba, ka maimaita. Amma in nesa daidai ne kusa ya kauce, tsawon hannun da ke riƙe tayar ne, kuma gyaransa na ɓata nesan. Wannan a kai wa ƙwararre, don Allah.

Hajiya Mai Hoto: Wane lensi ne, ƙanena? Na Rasha irin Jupiter-8 an ƙera su a kan tsawon fokas na milimita 52.4, Leica kuma 51.6, saboda haka a kusa saitin kan faɗa baya ko da kyamara lafiya lau take.

Sabon Hannu: Na Leica ne, Hajiya. Amma na lura hoto ɗaya ya ɗan fi ɗayan tsawo.

Mai Gyara: Wannan saitin sama da ƙasa ne. Ba ya canza nisa, sai dai yana hana ido ganin haɗuwar sosai. A M6 yana bayan jan tambarin nan na gaba, kuma da ƙarfe na musamman ake juya shi. A gyara shi tukuna, sannan ka sake gwajin wata da na rula.