Fosforas ya ƙi fita daga tamata

Salamu alaikum. Tama ce na ɗebo daga wani rami a yankin Maru. Mai saye ya ce kada fosforas ɗinta ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari, don shi ke sa ƙarfe gautsi in ya huce. Gwajin XRF, wato auna sinadaran da ke cikin dutse da na'ura, ya ba ni kashi 0.6.

Na bi hanyar da ake bi da tamar Kiruna ta Suwidin, wadda ke cikin duwatsun aman wuta. Can magnetait ne, wato ma'adinin ƙarfen da maganaɗisu ke ja, cakuɗe da wani ma'adinin da ake kira apatait, apatait ɗin ke riƙe da fosforas, kuma maganaɗisu ba ya jansa. Na niƙa tawa zuwa maikiron 75 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), na tace da maganaɗisu cikin ruwa har sau uku. Silika, wato sinadarin yashi, ta ragu sosai, fosforas ya cije a 0.5. Na jiƙa a tsarmammen asid na salfurik, nan ma a banza, alhali da apatait ne da ya narke.

Garin tamar mai launin ruwan ƙasa ne, yana rina tafin hannu, shi ya sa nake zargin fosforas ɗin a cikin gotait, wani ma'adinin ƙarfe mai irin wannan launi, yake maƙale. Don Allah, in haka ne, a zafin digiri nawa zan gasa ta kafin in mayar da ita asid?