Baba ya ƙi shan maganinsa tun da ya ji daga alade ake yin sa, ku ba ni shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifina ne, shekararsa 63. Likita ya ce fankiriyas ɗinsa ta daɗe tana kumburi, har ta kasa fitar da ruwan da ke narkar da abinci. Bayan gidansa maiƙo-maiƙo ne, yana tasowa kan ruwa, ga wari mai tsanani. Ya rame har kaftaninsa na lilo a jikinsa, alhali tuwo bai fi ƙarfinsa ba. Aka rubuta masa wani magani mai suna Creon 25,000, cikin mako uku muka ga sauƙi. Sai ƙanena ya karanta takardar cikin kwalin, ya ga an ce daga alade ake samo shi, ya faɗa a gabansa. Tun ranar Baba bai ƙara taɓa shi ba, yau kwana tara, zawon ya dawo. Akwai irinsa na saniya ko rago? Wallahi na rasa yadda zan yi.

Wani mai harhaɗa magunguna:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ƙanenki bai yi ƙarya ba, daga fankiriyas ɗin alade ake tato shi. Ita wannan gaɓa, ba saifa ba ce kamar yadda wasu ke zato, tana kwance ne a bayan tumbi, tana tura ruwanta cikin ƙaramin hanji. Sinadarai uku ne manya a ruwan: lifes mai narkar da kitse da mai, amiles mai narkar da sitacin hatsi, da furotiyes mai narkar da nama da wake. Adadin 25,000 da kika gani a kwalin ma'aunin lifes ne, don shi ne ya fi saurin gazawa. Maiƙon da kike gani, man miyar da Baba ya ci ne ke wucewa bai narke ba, kuma yana tafiya da bitamin A, D, E da K. Ba a cika ganin wannan alama ba sai gaɓar ta rasa kusan kashi 90 cikin 100 na aikinta, shi ya sa ba abin jinkiri ba ne.

Batun saniya kuwa, lifes ɗinta bai kai na alade ƙarfi ba. Duk magungunan irin wannan da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su, irin su Creon da Zenpep da Pancreaze, na alade ne. Magungunan narkar da abinci na gwanda da abarba da ake tallatawa a kemis ba sa tsaya wa mai irin ciwon Baba. Kada ki ɓata kuɗinki a kansu.

Wani ɗan'uwa:
Baiwar Allah, tsoron Allah ne ya hana Baba sha, don haka kada ku yi masa faɗa, kada kuma ku ɓoye masa a abinci. Ayar da ta haramta naman alade a Suratul Baƙara, aya ta 173, ita ce kuma ta ɗauke laifi daga wanda lalura ta tilasta. Malamai da yawa sun halatta irin wannan magani idan likita amintacce ya ce ana buƙatarsa kuma babu madadin halal. Amma daga bakinki ba zai karɓa ba. Ki nemo malamin da yake girmamawa, ki kai masa bayanin likita a rubuce, su zauna su biyu.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Idan ya koma sha, ki lura da waɗannan. Da lomar farko ake haɗiye shi, ba bayan an gama cin abinci ba, don dole ya gauraya da abincin. Kada ya tauna ƙananan ƙwayoyin da ke cikin kafson. An lulluɓe su ne don kada tsamin ciki ya kashe su kafin su isa hanji, kuma idan suka fashe a baki suna sa gyambo. Kada ya kora da shayi mai zafi, zafi na lalata su. Ruwa mai sanyi kawai.

Wata 'yar'uwa:
Mijina shekara biyu ke nan yana shan sa tun bayan tiyata. Mu zafin gari ne ya cuce mu. Ya bar kwalbar a mota cikin watan Afrilu, sai ga zawo ya dawo, muna ta zargin abinci. Ki duba kwalin, za ki ga an rubuta iyakar zafin da zai jure, ki ajiye shi a ɗaki mafi sanyi. Kuma kada ku hana Baba man shanu da kanku, likita ne zai daidaita adadin da abin da yake ci.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Da shayi mai zafi ma yake kora shi, ban sani ba. Na yi magana da limamin masallacinmu, ya ce zai shigo bayan La'asar gobe. Jibi kuma za mu koma wurin likita a auna nauyinsa.