Sayen katunan ƴan ƙwallo a gwanjon intanet: shawarwarin ƴan zaure

Abdul-Aziz, daga Tawa:
Assalamu alaikum manyana. Ina so in fara tara katunan ƴan ƙwallon Afirka, musamman na kamfanin Panini da suka fito a gasar kofin duniya ta 2006, wadda ita ce ta farko da Kodebuwa ta halarta, domin katin Drogba nake hari. Na ga gidajen gwanjo da yawa a intanet, sai dai ban san wanda ya dace da mai zaune a Nijar ba. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka.

Alhaji Mamman, daga Yamai:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka zaɓi gida, ka fara sanin cewa kuɗin da ka taya ba shi ne kuɗin da za ka biya ba. Manyan gidajen Amurka irin su Heritage da ke Dallas da Goldin suna ɗora wa mai saye la'ada wadda ta kai kashi 20 cikin ɗari ko ta ɗara haka, ke nan idan aka sallama maka kati a kan dalar Amurka 200, takardar da za ta zo maka ba za ta gaza 240 ba, kuma ba a sa kuɗin aike da na inshora ba tukuna. Idan kayan suka iso, jami'an duwan na iya neman hakkinsu, ga harajin TVA da yake kashi 19 a ƙasarmu. Saboda haka nake ba kowa shawara ya rubuta iyakar abin da zai iya kashewa da sefa, ya cire duk waɗannan, abin da ya rage shi ne tayinsa na ƙarshe, kada ya ƙara ko dala ɗaya a kai.

A ganina kuma waɗannan manyan gidaje ba wurin mai farawa ba ne. A Heritage ne aka sayar da katin ɗan wasan baseball na Amurka Mickey Mantle na 1952 a kan dala miliyan 12.6 a shekarar 2022, kuma ko da yake suna da ƙananan kaya, irin masu tayin da za ka tarar a can ba sa jin ciwon kuɗi. Ka fara da Catawiki na ƙasar Holan ko da masu sayarwa na Turai a eBay, saboda Panini kamfanin Italiya ne da ke Modena, kayansa sun fi yawa a Turai, sannan farashin da yuro ne. Tun da sefa ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, lissafinka ba zai motsa ba tsakanin ranar tayi da ranar biya, saɓanin dalar Amurka da ke hawa da sauka.

Hajiya Rakiya, daga Yamai:
Na yarda da Alhaji a kan lissafi, amma abin da ya fi damuna shi ne jabu. Ɗana Abdul-Aziz, kada ka sayi kati mai tsada sai wanda kamfanin tantancewa ya duba ya rufe a cikin kwanson roba. Waɗanda aka fi amincewa da su su ne PSA da Beckett da SGC da CGC, kuma makinsu daga 1 ne zuwa 10, gwargwadon lafiyar kusurwoyi da gefuna da fuskar katin da daidaiton hoton a tsakiya. Tazarar farashi tsakanin mai maki 9 da mai maki 10 takan ninka sau da yawa, shi ya sa wasu marasa tsoron Allah ke aske gefen tsohon kati da reza don ya yi kamar sabo, wasu ma har kwanson suke ƙerawa. Kowane kwanso yana da lamba. Ka shigar da ita a shafin kamfanin da ya tantance, ka tabbata sunan ɗan wasan da shekarar da makin sun yi daidai, idan kuma akwai hoto a can ka kwatanta shi da na mai sayarwa sosai. A shafin PSA za ka iya ganin adadin kati irinsa da suka samu wannan maki, kuma wannan adadi ne ke nuna ko abin yana da wuyar samu da gaske ko kuwa zaƙin bakin dillali ne.

Malam Isufu, daga Tawa:
Ni zan yi magana a kan yadda ake tayin kansa. A wasu gwanjon za ka ga wani yana ta ɗaga farashi kaɗan-kaɗan alhali ba saye zai yi ba, ɗan koren mai kaya ne. Wannan shi ne najashi da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, kuma bai kamata ɗayanmu ya yi wa abokinsa wannan hidima ba ko da an roƙe shi. Hanyar kare kai ita ce duba farashin da aka riga aka sayar da irin katin a baya, ba wanda masu kaya ke nema ba, kuma eBay yana nuna wannan ga duk wanda ya tace bincikensa zuwa kayan da aka sayar. Haka kuma ina jan hankalin matasa game da sayen gurbi a akwatin katunan da ba a buɗe ba, inda mutum ke biya ba tare da ya san abin da zai faɗo masa ba. Ni dai ban ga abin da ya raba shi da caca ba.

Abdul-Aziz:
Allah ya saka da alheri. To, ina batun lokaci da aike? Na lura gwanjon Amurka cikin dare suke rufewa.

Alhaji Mamman:
Haka ne, ƙarfe goma na dare a New York ƙarfe uku ne ko huɗu na asuba a nan, gwargwadon lokacin shekara. A eBay galibi lokaci yana cika a rufe, shi ya sa gwanaye ke jefa tayinsu a daƙiƙun ƙarshe, amma Goldin da Heritage suna ƙara lokaci muddin ana ci gaba da tayawa, don haka zaman jira ba zai amfane ka ba. Ka sa iyakar tayinka tun da rana, na'urarsu za ta riƙa ƙara maka kaɗan-kaɗan har zuwa inda ka tsaya, wanda kuma ya fi dacewa da mu da wutar lantarki da intanet ke iya yankewa ba sanarwa. Game da aike, ka tambayi mai kaya tun kafin tayi ko yana aikowa Nijar, domin da yawansu ba sa yi, kuma wanda ya ci gwanjo ya kasa biya ana iya rufe masa asusu. Idan kana da ɗan'uwa a Faransa, ya tara maka su ya riƙo in zai zo gida. In ba haka ba ka zaɓi aike mai lambar bibiya da inshora irin na DHL zuwa Yamai, daga nan ka sa wanda ka amince da shi ya kai maka Tawa hannu da hannu.

Hajiya Rakiya:
Idan sun iso, kada ka jera su a bangon da rana ke bugawa, domin haske yana kashe launi, kuma zafin Tawa na watan Afrilu yana iya tanƙwara katin da ba ya cikin kwanso. Ka sa kowanne a ledarsa, ka rufe su a akwati mai murfi saboda ƙurar hunturu da laimar damina, sannan ka adana takardar biya tare da lambar kowane kwanso, domin duk wanda zai saya daga hannunka nan gaba su zai fara tambaya.