Ciwon da hoton asibiti bai nuna ba: wa ya gwada atisayen sakin firgici?

Malamar firamare, Gusau:
Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina fama da ciwon kugu da wuya. An yi min hoton ƙashi sau biyu, likita ya ce babu karaya babu gocewa. Sai kwanan nan na lura ciwon ya faro ne daga daren da 'yan bindiga suka shiga ƙauyen iyayena ina can ziyara. A gonar dawa muka kwana, na toshe wa ɗana baki da mayafi har asuba. Tun ranar, da na ji ƙarar babur da dare sai kafaɗuna su ɗage, in cije haƙora. Wata nas ta ce in gwada atisayen da ke sa jiki karkarwa. Don Allah wanda ya taɓa yi ya ba ni labari.

Tsohon direban tirela, Kano:
Wa'alaikumussalam Malama, Allah ya kiyaye gaba. Ni motata ce ta kife, yaron motata ya rasu a gefena. Raunin ya warke cikin wata biyu, amma bayana ya ƙi. Kaho, man zafi, ƙwayar kemis, har tiramol sai da na fara sha, ina jin kunyar faɗa. Wani likitan gashin ƙashi ne ya koya min atisayen. Za ka jingina da bango kamar kana zaune a kujerar da babu ita har cinya ta gaji, sannan ka kwanta rigingine a tabarma, ka haɗe tafin ƙafa, gwiwoyi a buɗe, ka riƙa matso da su kaɗan-kaɗan. Wallahi ranar farko da cinyoyina suka kama rawa da kansu na zaci iska ce ta taɓa ni, na fara karanto Ayatul Kursiyyu. Ya ce min, "Baba, miƙe ƙafarka." Ina miƙewa ta tsaya cak. Wannan ne ya kwantar min da hankali, ashe birkin yana hannuna. Daren na yi barci har aka kira sallah. Ciwon bai tafi duka ba, amma yanzu ina yin ruku'u ba tare da dafa bango ba, kuma na rabu da ƙwayar.

Likitar gashi, Kaduna:
Abin da Baba ya kwatanta shi ne TRE, wato atisayen sakin firgici ta hanyar karkarwar jiki, wani Ba'amurke David Berceli ya tsara shi bayan ya yi aiki a yankunan yaƙi na Afirka da Gabas ta Tsakiya. Ya lura idan ana ruwan bama-bamai yara kan yi karkarwa, manya kuwa su danne. Wani masanin maganin firgici, Peter Levine, shi ma ya gina tasa hanyar a kan yadda dabbar daji ke kaɗuwa bayan ta tsere wa mafarauci. Idan tsoro ya kama mutum, tsokoki kan ɗaure don gudu ko kare kai, musamman wadda ta haɗa ƙashin baya da cinya. A wasu mutane jiki ba ya samun labarin cewa haɗarin ya wuce, sai ƙwaƙwalwa ta ci gaba da kaɗa ƙararrawar ciwo. Ciwon kuma na gaske ne, ba raki ba ne. Duk ciwon da ya haura wata 3, shi muke kira daɗaɗɗen ciwo.

Gaskiyar magana, binciken da aka yi kan TRE ƙanana ne. Wanda ya fi ƙarfi shi ne na Jami'ar Colorado da aka wallafa a 2021, kan wata hanya dabam ta koya wa mutum sauraron ciwonsa ba tare da tsoro ba. Cikin mutum 151 masu ciwon baya, kashi 66 cikin 100 na waɗanda aka koya wa sun rabu da ciwon ko sun kusa, a rukunin da suka ci gaba da maganinsu na kullum kuwa kashi 10 ne. Mai ciki, mai farfaɗiya da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, kada su taɓa atisayen karkarwa sai da izinin likita.

Ɗaliba, Maiduguri:
Anti, don Allah kada ki yi ke kaɗai. Ni a YouTube na gani, na rufe ɗaki na yi kusan minti 40. Kwana uku ina mafarkin ranar da muka baro garinmu, zuciyata kamar za ta fito. Da na koma wajen mai ba da shawara, minti biyu kawai take bari in yi, sai ta ce in buɗe ido in lissafo abu biyar da nake gani a ɗakin. A haka ne ya yi min amfani.

Wata uwa, Maraɗi:
'Yata, ni ban san wani atisaye ba. Da maigidana ya rasu na yi takaba wata huɗu da kwana goma ban zubar da hawaye ba, saboda yara suna kallona. Muƙamuƙina ya riƙe, ko tuwo da ƙyar nake taunawa. Wata rana ƙanwata tana yi min tausa da man kaɗanya, ta danna tsakanin kafaɗuna, sai kuka ya ƙwace min. Ba ta ce in yi haƙuri ba, ta dai ci gaba da tausar. Yanzu bayan kowace sallah nakan ɗora hannu a ciki, in ja numfashi ta hanci, in sake shi a hankali ya fi na shiga tsawo.

Tela, Zariya:
Ni nawa akasin haka ne. Wata takwas ana ce min damuwa ce, ina ramewa, ga zufa da dare. Ashe tarin fuka ne ya kama ƙashin baya. Wanda ke ramewa, ko zazzaɓi, ko ƙafa ta mutu, ko fitsari yana ƙwace masa, asibiti zai nufa tukuna.

Malamar firamare, Gusau:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Inna, maganarki ta sa ni hawaye, don ni ma ban taɓa kukan daren nan ba. Na fara numfashin jiya bayan isha'i. Likita, ranar Litinin zan koma asibiti, wane sashe zan nema, na gashi ko na masu ba da shawara?