Neman shawara game da ƙanwata da ta fito daga gidan gyaran hali

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ƙanwata ta kammala wa'adinta ta dawo gida a Tudun Wada, Zariya, amma har yanzu ta kasa samun madafa. Ta koyi ɗinki a can, hannunta kuma ya faɗa, sai dai matan da suka kawo atamfa suna jin labarinta sukan aiko yaro ya karɓe kayansu. Mijinta ya sake ta tun tana tsare, danginsa kuma sun hana ta ganin 'ya'yanta, abin da ya fi komai ci mata rai.

Dokar 2019 da ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali ta yi tanadin taimaka wa waɗanda suka fito su koma cikin al'umma. Ta wace ƙofa ake neman wannan taimako?

Na biyu, tana son tattaunawa da matan da suka taɓa shiga irin halinta, amma tana gudun zauren WhatsApp, domin kowa a ciki yana ganin lambarta. Shin akwai amintaccen zaure na mata zalla, da ake magana da Hausa ta saƙon murya, inda asirinta zai rufu? Allah Ya saka da alheri.