Wa ya taɓa zuwa Machu Picchu ya dawo a yini ɗaya?

Abban Sadiya: Assalamu alaikum. Wurin aiki za su tura ni taro a Lima, babban birnin Peru, cikin watan Yuni, kuma zan samu rarar kwana uku kafin jirgin dawowa. Raina na son ganin Machu Picchu, kufan tsohon garin nan na daular Inka da ke kan dutse. An ce ana tashi daga Kusko, wani birni a tsaunukan ƙasar, a je a dawo rana guda. Wanda ya taɓa yi, don Allah ya ba mu labari.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam, Yaya. Na yi, lokacin ina karatu a Barazil. Ƙarfe huɗu na asuba mota ta kwashe mu a Kusko, kusan awa biyu zuwa tashar Ollantaytambo, a can na yi sallar asuba a gefen dandamali, sanyi kamar zai tsinke min yatsu. Sai jirgin ƙasa ya bi gaɓar kogin Urubamba awa ɗaya da rabi zuwa Aguas Calientes, ɗan garin da ke gindin dutsen. Daga nan bas, wajen minti talatin, hanya sai lanƙwasa take, kana leƙa taga ka ga kogin ya koma kamar zare. Awa biyu da rabi muka yi a cikin kufan. Ban ga gadona ba sai bayan goma na dare. Ka yi lissafin da kanka.

Wanda ya ɓata min rai jagoranmu ne. Yana gaba da 'yar tutarsa, ba abin da bakinsa ya iya sai "vamos, vamos", wato mu je. Ni kuwa zanen gine-gine na karanta. Na tsaya ina kallon wani bango kusa da Ɗakin Bautar Rana, duwatsu an sassaƙe su an haɗa ba laka ba siminti, ko reza ba za ta ratsa tsakaninsu ba. Kafin in ɗago kai mutanena sun sha kwana. Kuma hanyar gaba kawai ake yi, ka juya baya mai gadi ya dakatar da kai.

Maman Hanif: Ɗan Fagge ya manta babbar matsalar, wato ƙarancin iska saboda tsayin wurin. Lima a bakin teku take, Kusko kuwa tsayin mita 3,400 ne, ta fi Machu Picchu ɗin kanta, mai mita 2,430. Mun sauka da yamma, washegari tafiya. Matakala goma na otal na hau, na zauna ina haki kamar wadda ta yi tsere, kai na sarawa, barci ya ƙi zuwa. Sun ba ni shayin ganyen koka, ya ɗan lafa. Amma Abban Sadiya, ka sha a can ka bar shi a can, ko ganye ɗaya kada ya shiga jakarka, ka san da shi ake yin hodar iblis, ka kuma san yadda ake binciken mai fasfo irin namu. Da zan sake, daga filin jirgi Ollantaytambo zan wuce in kwana, ta fi Kusko ƙasa, ga tasha a kusa.

Wani abu kuma: babu bayan gida a cikin kufan. A bakin ƙofa yake, kuma biya ake yi. Ka tanadi canjin sol, kuɗin Peru.

Malam Na Zinder: Ni zan ɗan saɓa muku. A Fabrairu na je, tsakiyar daminarsu. Muka hau wurin da kowa ke ɗaukar hoton nan, ba abin da muke gani sai farin hazo da wata llama, dabbarsu mai kama da ƙaramin raƙumi, tana cin ciyawa ko a jikinta. Na ce kuɗi sun tafi. Can iska ta kaɗa, hazon ya yaye, sai ga gari gaba ɗaya a ƙasanmu, dutsen Huayna Picchu tsaye a bayansa. Ban san lokacin da na ce Allahu Akbar ba. Minti biyar, ya sake rufewa. Wallahi ban yi nadama ba.

Namu jagoran mai haƙuri ne. Ya ce wajen 1450 aka gina wurin, zamanin Sarki Pachacuti na Inka, kuma Sifaniyawa da suka ci daular ba su taɓa isa can ba. Ya yi dariya da na ce Hiram Bingham ne ya gano shi a 1911. Wai da Ba'amurken ya iso, manoma ya tarar suna noma a kan tudun-tudun gonakin, yaronsu ma ya zaga da shi. Har yau ruwa na bin magudanan dutsen da suka fafe.

Maman Hanif: Malam, kai ka yi sa'ar minti biyar. Wata da muka haɗu da ita a jirgi ko su ba ta samu ba.

Ɗan Fagge: Yuni rani ne a can, hazo da sauƙi, amma jama'a kamar ranar kasuwa. Ka sayi tikitin shiga tun yanzu, yana da lokacinsa, kuma da fasfo ake dubawa. Abinci ka tsaya a kan kifin trucha da dankali, naman alade ya yi yawa a girkinsu. Ka sa riga mai dogon hannu, akwai wasu ƙananan ƙwari masu cizo, sati biyu ina susa.

Abban Sadiya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, shawararki zan bi, in kwana Ollantaytambo. Malam, Azahar da La'asar fa, a ina ka samu wuri ka haɗa su?