Tagiyar kwarashi da ta ƙi zama a kai: abin da kowaccenmu ta gani

Daga Misfala, Makka

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana masu saƙa. Na zo da wata matsala ce da ta hana ni sakat tun farkon watan nan, kuma ina roƙon duk wadda ta taɓa cin karo da irinta ta faɗa mana yadda ta fita. Na ɗauri niyyar saƙa wa mahaifina farar tagiya, irin wadda ake sawa a ƙarƙashin shimagi, wato ƙyallen da maza Larabawa ke rufe kai da shi, domin ya daɗe yana cewa waɗanda yake saya a kasuwa suna tara masa gumi, ni kuma ina so ya sa abin da ya fito daga hannuna. Na sayi zaren auduga lamba 10 da kwarashin ƙarfe mai milimita 1.75, na bi wani bidiyo a YouTube daki-daki. Har zagaye na biyar faifan saman yana kwance lafiya lau, amma daga na shida sai gefensa ya fara hawa da sauka kamar ganyen latas. Sau uku ina warwarewa. A karo na huɗu na rage ƙarin da nake yi, sai kuma ya dunƙule kamar ƙoƙo tun bai kai faɗin tafin hannuna ba. Yanzu zaren ya fara dafewa saboda yawan riƙo, kuma ba na so in fasa.

Daga Madina

Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki fasa, domin babu mai saƙar da ba ta bi ta wannan hanyar ba. Ni a Mai Wurno ta ƙasar Sudan na koyi kwarashi a wurin kakata, lokacin babu bidiyo babu takarda, kuma abin da ta fara cusa mini shi ne cewa faifan tagiya lissafi ne kafin ya zama ado. Idan da dogon ido kike saƙawa, wanda Larabawa ke kira amudi, to ki fara da 12 a zoben tsakiya, sannan kowane zagaye ki ƙara 12, wato 24, 36, 48, har zuwa inda kike so. Idan kuwa da gajeren ido ne, wato hashwu, ana farawa da 6 a riƙa ƙara 6. Dalilin bambancin shi ne amudi ya fi hashwu tsawo, don haka kowane zagayensa yana nisa da tsakiya da sauri, yana kuma buƙatar ido da yawa kafin ya kewaye. Gefen da ke hawa da sauka yana gaya miki cewa ido ya yi yawa, wanda ya dunƙule kuma yana cewa ido ya yi kaɗan.

Sai dai akwai abin da lissafi ba ya faɗa, wato hannun mai saƙa. Na ga mata da yawa da amudinsu yake fitowa gajere saboda suna matse madaukin farko ba sa ɗaga shi, kuma irin wannan hannun ko ya bi 12 daidai sai faifan ya ɗan tattare. Har gobe, duk zagayen da na gama sai na ɗora faifan a bayan tiren shayi na shafa shi da yatsa ɗaya, ba tare da na danne ba. Idan ya kwanta da kansa na ci gaba, idan gefensa ya fara hawa da sauka kuwa sai in saƙa zagaye ɗaya babu ƙari ko ɗaya, in sake dubawa. Yawanci wannan kaɗai yana gyara shi ba sai an warware ba.

Daga Bab Makka, Jidda

Allah ya saka wa Hajiya ta Madina da alheri. Yaya ta Misfala, ni ma na sha wannan wahalar, kuma nawa laifin a wurin rufe zagaye yake. Idan an gama zagaye ana haɗa shi da munzaliƙa, wato ɗan idon haɗi marar tsawo, a saman silsila ukun, wato idon sarƙa uku, da aka tashi da su, kuma waɗannan silsila ukun su ne amudi na farko. Ni kuwa idan na zagayo sai in ga munzaliƙar nan ta zagayen baya kamar ido ce da na bari, in soka kwarashi a cikinta. Da haka nake samun ƙarin ido a kowane zagaye ban sani ba, har ɗinkin haɗin ya karkace ya yi tudu a gefe ɗaya. Abin da ya raba ni da matsalar shi ne ɗan fil da nake maƙalawa a ido na farko da na ƙarshe, sannan ba na tashi sabon zagaye sai na ƙirga wanda na gama. Ki ƙirga zagayenki na bakwai. 84 ya kamata ki samu.

Daga Riyad

Nawa kuskuren daga harshe ya fito. Sunan da mutanen Amurka suke kiran amudi da shi, da shi ne mutanen Ingila suke kiran hashwu. Na koyi sunayen a littafin Ingila, daga baya na ɗauki tsarin wata Ba'amurkiya, sai na riƙa ƙara 12 a kan gajeren ido, faifan ya tattare tun zagaye na uku. Tun daga ranar na koma bin tsarin da aka zana da alamomi, domin alamar ba ta sauya ma'ana daga wata ƙasa zuwa wata.

Daga Shara Mansur, Makka

Ina so in ja hankalin ƙanwata zuwa abin da ke jiranta bayan faifan ya kwanta, domin ni a nan na yi asarar aikin mako biyu. Tagiyar farko da na saƙa wa maigidana ta fito kyakkyawa, har maƙwabta suna karɓa suna jujjuyawa, amma da ya ɗora sai ta tsaya a ƙoƙon kai ta ƙi sauka. Na bi adadin zagayen mai bidiyo ne, alhali kan da ta auna daban, zarenta daban, hannunta ma daban.

Yanzu ba na fara tagiya sai na zagaya tef ɗin tela a kan mai ita, daga goshi ta saman kunne zuwa ƙeya. Abin da na samu sai in rage masa santimita 2 don ta kama kai, in raba saura da 3.14, abin da ya fito shi ne faɗin faifan da zan tsaya a kansa. Misali, kai mai santimita 57 ya koma 55, faifansa kuma santimita 17 da rabi ke nan. Da zarar faifan ya kai haka sai a daina ƙari gaba ɗaya, a ci gaba da zagayawa da adadi ɗaya, bangon tagiyar zai sauko da kansa. Ba na rage fiye da 2 a zaren auduga, domin ba ya miƙewa kamar ulu.

Sannan akwai wanki. Ta biyun da na saƙa ta zauna daidai, amma aka haɗa ta da fararen kaya aka wanke da ruwan zafi, ta fito ta tsuke har sai da muka ba ƙaramin yaro. Auduga tana shiga a wankin farko, musamman wadda ba a gyara ta ba. Mai ƙyallin nan da aka sarrafa, irin ta kamfanin DMC ko Anchor, ta fi riƙe girmanta kuma ba ta yin gashi-gashi. Duk da haka, duk sabon zaren da na saya sai na saƙa ɗan faifai, na auna, na wanke, na shanya a kwance cikin inuwa, na sake aunawa. Ki kuma sayi abin da zai ishe ki a lokaci ɗaya, ki duba lambar rini a jikin takardar, domin fari ma iri-iri ne, kuma a hasken rana ake ganin inda aka sauya dunƙule.

Daga Ɗa'if

Mu nan da yake muna kan dutse muna ganin sanyi, hulunan jarirai na fi saƙawa da zaren akirilik, kuma lissafin da Yaya ta Shara Mansur ta kawo yana aiki a kansu, domin kan jariri sabon haihuwa yakan kai santimita 34 zuwa 35. Abin da ya same ni shi ne, wata hula ta ɗan tattare a sama, sai na ɗora mata dutsen guga don ta kwanta. Ta kwanta kuwa, amma zaren ya mutu, ya yi laushi ya buɗe, hular ta ƙara girma kuma ba ta sake komawa ba, domin akirilik dangin roba ne, zafi yana narka shi. Auduga tana jure guga ta saman tsumma mai ɗanshi, amma guga ba ya rage idon da ya yi yawa; bayan wanki tattarewar za ta dawo.

Daga Misfala, Makka

Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Na ƙirga zagaye na bakwai na wanda ya tattare, na samu 93 maimakon 84, kuma a wurin munzaliƙar nan ne suka taru, kamar yadda 'yar'uwa ta Jidda ta faɗa. Na kuma lura ina matse madaukin farko, musamman da rana idan hannuna ya yi gumi zaren ya daina zamewa, don haka na mayar da saƙar zuwa bayan sallar asuba. Na wanke zaren da ya dafe, na auna kan Baba, na sake farawa da fil biyu a hannu. Faifan ya kai santimita 17 da rabi a zagaye na 14, da ido 168, kuma ya kwanta a bayan tire ba tare da na danne shi ba. Jiya na fara bango. Tambayar da ta rage mini ita ce yadda zan rufe bakin don kada ya saki bayan ya sha sawa.

Daga Madina

Madalla, 'yata. Idan bangon ya sauko ya kusa taɓa saman kunne, ki sauya zuwa kwarashi mai milimita 1.5, ki yi zagaye uku na hashwu, sannan na ƙarshe ki saƙa shi baya-baya, daga hagu zuwa dama, zai ba ki baki mai kama da igiya wanda ba ya buɗewa. Kafin ki yanke zaren, ki kai wa mahaifinki ya gwada da kwarashin a jiki, ya ɗora shimaginsa a kai ya yi sujada ki gani ko za ta zame.